Ranar da Dokta Yayi Ya Sauka Ɗakin Ƙasa

Akwai wani shugaban sashen ilimin laburare a jami'a da ɗalibai suka laƙaba wa suna Dokta Yayi. Duk batun binciken da ka kai masa, tambayarsa ɗaya ce: "Shi ake yayi?"

Abin yayi a lokacin kuwa intanet ne. Kowane ɗalibi sai ya raba takardar tambayoyi kan amfani da intanet a laburare, sunan makaranta kawai ake canzawa. Mujallun ƙasar suka cika da magana ɗaya, kamar an yi wa masana baki. Shi kuwa gogan gani yake ci gaba ke nan.

Wata rana wata ɗalibarsa ta digiri na biyu ta shigo ofis. Ma'aikaciya ce a ɗakin ƙasa na laburaren, inda ake ajiye tsofaffin kundayen bincike.

"Ranka ya daɗe, so nake in yi nazari kan gara da danshi. Suna cinye mana kundaye, kuma na duba, ba wanda ya yi rubutu a kai."

Dokta ya kwashe da dariya. "Duniya na maganar na'ura, ke kina maganar ƙwari? Tafi sashen noma mana!"

"Malam, ko sau ɗaya ka sauko ka gani."

"Ni ba na shiga ƙura. In kina son gamawa, yi abin da 'yan'uwanki ke yi."

Ya ta iya? Wuƙa da nama suna hannunsa. Ta raba takardar tambayoyi kamar kowa. Wallahi abin da takaici, a kashe tunani mai amfani don kawai ba ya ƙyalli.

Ana nan, Dokta ya nemi muƙamin farfesa, burin da ya tsufa da shi. Kwamiti ya ce sai ya kawo kundin digirinsa na uku, wanda aka buga da tafireta tun kafin kwamfuta. Nasa ya ɓace wajen ƙaura. Kwafi ɗaya ya rage, a ɗakin ƙasa.

Ran nan ya shiga ƙurar da ƙafarsa. Ɗalibar ta miƙo masa kundin, sunansa na sheƙi a bango. Yana buɗewa, jar ƙasa ta zubo masa a takalmi. Gara ta cinye takardun kaf.

"Ba a iya gyarawa? Nemo mini binciken da aka yi kan ceto irin wannan!"

Ta nuna masa kantar sababbin kundaye.

"Ga su nan, Malam, dukkansu da sa hannunka. Intanet ne daga farko har ƙarshe."

Ya fito rungume da bango, ba ko shafi ɗaya a ciki.

Darasi: Bincike don matsalar da ke gabanka ake yinsa, ba don yayi ba. Wanda ya toshe bakin mai tambaya, wata rana zai nemi amsa ya rasa. Ku tura wa malamai da ɗalibai, ko wani kundin zai tsira.