Kurege da Mudu Biyar na Jihar Tsauni

An yi wani Kurege a Jihar Fadama, mai zarin tsiya, wanda ko a mafarki ya ga gyaɗa sai ya farka yana neman buhu. Maƙwabciyarsa Bushiya ce, tsohuwa mai tambayar ƙwaƙwaf. Akwai kuma Hankaka, wanda bakinsa ya fi fukafukansa sauri.

A Fadama, in ka wuni kana ɓarar gyaɗa, mudu ɗaya ne ladanka. Ba yawa kam, amma ruwan tafki na kowa ne, rami kuwa ka haƙa inda ka ga dama. Da wannan mudu ɗai-ɗai Kurege ya tara buhu guda na iri, wanda zai shuka in damina ta faɗi. In babu buhun nan, to babu gona.

Wata rana bayan kaka, Hankaka ya dira a kan tsamiya yana shafa farin ƙirjinsa.

"Har yanzu kuna nan kuna fama da mudu ɗaya?" in ji shi. "A Jihar Tsauni mudu biyar ake biya a wuni. Da idona na gani."

Nan take yawun Kurege ya tsinke.

Bushiya ta leƙo daga cikin ƙayoyinta ta ce, "To Malam Hankaka, ramin kwana fa, nawa ne a can? Ruwan sha nawa?"

"Ni da nake kwana a reshe, ina zan sani?"

Kurege ya ce, "Haba Gwaggo, ana maganar mudu biyar kina maganar ruwa? Abin da ya hana ku ci gaba ke nan a ƙauyen nan."

"Ɗan nan," in ji Bushiya, "ba abin da ya shiga buhu ake dubawa ba, abin da ya kwana a ciki ake dubawa. In ka nace sai ka je, bar irin nan in adana maka."

"Don in dawo in tarar da ɓawo? A'a, kayana ƙafata ƙafarsu."

Washegari da hantsi ya saɓa buhu ya kama hanya, jela a sama. Bushiya ta biyo shi tana kira, "Kurege, tsaya, buhun nan naka..."

"Na ji, na ji. Hassada ga mai rabo taki ce," ya faɗa ko waiwaye bai yi ba.

A faɗi gaskiya, Hankaka bai yi ƙarya ba. Tsauni gari ne na gani na faɗa, kuma ranar farko aka auna wa Kurege mudu biyar cif. Don murna sai da ya yi tsalle uku.

Da ya tashi haƙa rami sai farcensa ya ce ƙas, ashe ƙasar duk dutse ce. Wani Damo mai ba da hayar kogo ya ce masa, "Baƙo, a nan ba a haƙa, kamawa ake yi. Mudu biyu a kwana."

Tafki kuwa babu shi, sai rijiya guda, gora ɗaya mudu ɗaya. Wurin aikin ma yana can ƙololuwar dutse, sai an hau jaki, shi ma mudu ɗaya. Kurege ya duba hannunsa ya ga mudu ɗaya ya rage, daidai da abin da ya baro a gida.

Ai wannan mai sauƙi ne. Ranar da babu aiki, haya ba ta hutu, ƙishirwa ma ba ta hutu. Nan ya fara kwance bakin buhun iri, yau ɗan kaɗan, gobe ɗan kaɗan. Ya so ya koma gida, amma da ya tuna maganganun da ya yaɓa wa Bushiya sai kunya ta zaunar da shi.

Ranar da hadarin farko ya haɗu a gabas, ya zazzage buhun, ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗo ba. Ya naɗe buhun ya kama hanyar Fadama, wannan karon jela a ƙasa.

Ya iso bakin tafki maƙogwaro a bushe, ya tarar da dabbobi suna shan ruwa. Sabo turken wawa, sai ya rusuna ya ce, "Don Allah, nawa ne gora?"

Dariya ta ɓarke har kwaɗi suna faɗawa ruwa.

Bushiya ta share hawayen dariya ta ce, "Sha, mutumin Tsauni, mun yafe maka na yau. Ina mudu biyar ɗin?"

"Gwaggo, ki rufa mini asiri. Har irin na cinye. Bana ba ni da gona."

Bushiya ta shiga raminta ta fito da rabin ƙwarya ta gyaɗa. "Buhunka hudajje ne, abin da nake son gaya maka ke nan ka ce hassada. Na bi sawunka har bakin rafi ina tsincewa. Ungo kayanka."

Kurege ya rungume ta don murna, ya manta da ƙaya, ya yi ƙara ya ja baya, aka sake kwashewa da dariya.

A damanar nan gonarsa ba ta fi tabarma biyu ba, shi da ya tara buhu guda. Amma ya nome ta tas yana ta waƙa.

Da kaka ta zagayo, sai ga Hankaka a kan tsamiya. "Kun ji labarin Jihar Bakin Teku? Mudu goma ake..."

Kurege ya ɗago kai daga ɓarar da yake yi ya ce, "Ruwa nawa?"

Darasin wannan labari shi ne, kafin ka raina garinku don ka ji ana samu da yawa a wani wuri, tambayi abin da zaman wurin yake ci. Kuma in babba ya ce maka tsaya, ka tsaya ka ji ƙarshen maganarsa.