Gara da Giwa Mai Rushe Suri

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, muna ji!

Kullum Gara ta gina surinta, sai Giwa ta zo susar baya ta rushe shi, ƙwayayen Gara su watse a rana.

Zomo ya ce, "Haba Gara, ki yi ƙaura mana!"

Ta ce, "In tashi saboda wannan ƙatuwar banza? Wallahi ina nan!"

Duk rushewa sai ta duba inda ya tsage, ta ƙara yumɓu da yawu. Sau bakwai ana haka.

A na takwas Giwa ta jingina, suri ko gezau. Ta fusata ta kai karo, haurenta ya ɓalle.

Gara ta leƙo ta ce, "Sannu malama, ke kika koya min gini. Gobe ki kawo ɗayan!"

Ƙurunƙus kan kusu, nan na ajiye ta.