Muryar Sallau Mai Rijiya

Ku gyara zama, yau na zo muku da shari'a, kuma ku ne alƙalai.

A garin Ƙirya an yi wani tsoho, Sallau Mai Rijiya. Shekara hamsin yana haƙa, har ta kai in ya ɗanɗana ƙasa a harshe zai gaya maka ko gaba nawa za ka yi kafin ka tarar da ruwa. 'Ya'yansa uku ne: Kuluwa malamar firamare, Tanimu mai shagon magani a Gusau, sai autansu Jafaru direban babbar mota.

Da tsufa ya kwantar da shi, Kuluwa ta riƙa zuwa kullum bayan la'asar da fura da wayarta. Ta ce, "Baba, ba ni labarin rijiyoyinka, in ɗauki muryarka." Ya ce, "Ke Kuluwa, wa zai saurari surutun tsoho?" Ba ta bar shi ba. Wata uku tana lallashi, wata rana ya yi magana, wata rana ya juya mata baya. Maƙwabta suna dariya, wai malama ta rasa aikin yi. Ta haɗa zama arba'in da ɗaya a memorin wayarta. Bayan sati biyu Allah ya karɓi ransa.

Memorin ya koma hannun Tanimu, mutum ne da ba ya yarda da ajiya guda. Ya zuba muryar a faifan CD. Bayan 'yan shekaru ya ga bayan faifan ya fara ɓarewa, ya mayar da ita cikin filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake jonawa a kwamfuta. Duk bayan babbar salla sai ya buɗe ya saurara, ya tabbatar tana nan, in abin ajiyar ya tsufa ya sauya sabo. Shekara goma sha bakwai bai fasa ba. A ƙarshe ya raba ta uku: ɗaya a gidansa, ɗaya wurin Kuluwa, ɗaya a ma'ajiyar intanet, ya rubuta kalmar sirrin a littafi.

To, sai ambaliya ta shiga gidan Tanimu ta tafi da filashin da littafin gaba ɗaya. Da aka jona na Kuluwa a kwamfuta, ko motsi bai yi ba, ya mutu a cikin akwati ba wanda ya sani. Saura na intanet, shi kuma a kulle, domin kalmar ta ɓace wa Tanimu. Hanyar buɗewa ɗaya ce, a turo lambobi ta layin wayar da ya yi rajista da shi, layin da ya daina amfani da shi tun tuni har aka sayar wa wani.

Ana cikin haka rijiyoyin Ƙirya suka ƙafe. Mata suna tafiyar awa biyu kafin su cika jarka, wasu gidaje sun fara ɗaure kaya. Masu injin haƙa suka huda wuri uku, ƙura kawai ke fitowa. Shugabansu ya ce wa mai gari saura gwaji ɗaya, nan da kwana goma za su kwashe injin. Kuluwa ta ce ta tuna Baba ya taɓa ambatar wani wuri da ya bari bai ƙarasa ba, amma ta manta ina ne.

Jafaru ya kira tsohon layin. Wata mata ta ɗauka, ta ce ita mai sayar da kifi ce a Yawuri. Da ta ji ana zancen lambobi ta ce, "Ɗan damfara, ka nemi wata!" Ta kashe. Ya sake kira har sau tara, ta toshe shi. Sai ya ajiye motarsa, ya karɓi takarda daga mai gari, ya kama hanya. Kwana biyu yana bin rumfunan kifi yana tambayar mai lambar, har aka nuna masa Hajiya Lantana. Ta dube shi sama da ƙasa ta aika a kira mijinta. Jafaru ya durƙusa ya ce, "Baba, ba na neman ko ƙwandalarku. Muryar mahaifina nake nema, garinmu kuma ƙishi zai tashe shi." Mijin ya karanta takardar, ya kira mai gari da kansa. Sannan Lantana ta miƙa wayar, ta ce, "Allah ya sa a dace, ɗana." Tanimu daga Gusau ya nemi a turo lambobin, Jafaru ya karanto masa, ma'ajiya ta buɗe.

Su ukun suka taru suna saurare, injin kuma saura kwana uku ya tafi. A zama na ashirin da tara muryar tsohon ta fito sarai, har da tarinsa: "Bayan tsohuwar kasuwa, tsakanin tsamiya biyu, ka yi taki arba'in gabas. Na haƙa gaba tara na ci karo da baƙin dutse, ƙarfena ya kasa. Amma na kara kunci a jikinsa, sanyi ƙalau. Akwai ruwa a ƙasansa."

Aka kai injin. Wuni guda yana cin dutse, washegari da hantsi ruwa ya yi tsiri sama har ya jiƙa rassan tsamiya. Mata suka ɗauki guɗa, maza suna kabbara, waɗanda suka ɗaure kaya suka kwance. Tsofaffi suna kuka suna kiran sunan Sallau.

Mai gari ya tara ƙwarya ya cika ta da ruwan farko, ya ce wanda ya ceci garin shi zai fara sha a gaban jama'a. Ya juyo, ga su uku a tsaye. Da Kuluwa ba ta dage ba, da maganar ta bi tsohon kabari. Da Tanimu bai yi ta sauya mata mazauni ba, da ta ruɓe a memori tun shekarun baya, ko da yake shi ne ya yar da layin. Da Jafaru bai je Yawuri ya haɗiye zagi ba, da har yau tana kulle, injin kuma ya tafi.

Ga mai gari nan riƙe da ƙwarya, hannunsa ya fara gajiya. To, ku gaya mini, wa zai miƙa wa?