Ranar Gayyar Tunau

An yi wani mutum, wani bawan Allah manomi, a wani ƙauye can da daɗewa, tun zamanin da kurkunu ke kwantar da ƙarti a tsakiyar damina. Sunansa Tunau. Ku matso, jama'a, ku saurara, domin ni ina son mutumin nan, kuma ina so ku so shi kafin mu tashi daga nan.

Tunau ba malami ba ne, ba mai sarauta ba. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Gonarsa ɗaya ce, ta gado, kuma baki tara ke ci daga cikinta: shi da matarsa Tabawa, da tsohuwar mahaifiyarsa, da 'ya'yansa uku, da marayu uku da wansa ya rasu ya bar masa. Baƙo ba zai iya ware maka marayun daga 'ya'yan cikinsa ba. In bakin rijiyar gari ya zube, Tunau za ka gani da laka har gwiwa. In ruwa ya cinye hanyar kasuwa, shi zai fara jido duwatsu, sai saura su ji kunya su fito. In shanu sun yi ɓarna rigima ta tashi, shi ake kira, don manomi ya yarda da shi, makiyayi ma ya yarda da shi. Ba fa wanda ya naɗa shi. Tabawa takan ce ita ta auri miji, gari ya ƙwace mata shi, shi kuwa sai ya yi dariya ya saɓa fartanyarsa.

To, yana da maƙwabci mai suna Cindo, gida jikin gida, gona jikin gona. Cindo ba ya zuwa gayyar kowa, ba a ganinsa a aikin gari. Sannan gambar da aka dasa ta zama iyaka tsakanin gonakin nan biyu, duk shekara sai a tarar ta matsa kunya guda cikin gonar Tunau. Gamba dai kun san ba ta da ƙafa. Tunau ya sani, kuma abin na ƙona masa rai, don shi ma ɗan Adam ne, amma ya haɗiye. Na ga wasu sun sunkuyar da kai. Ku ɗago, da Cindo nake.

Wata shekara ruwa ya zo ba ɗagawa, ciyawa ta tashi tana tsere da gero. Ku manoma kun san noman farko: ka makara da mako guda, ciyawa ta shanye maka shuka, duk maimain da za ka yi a baya wahala ce kawai. Tunau ya ga hannunsa ba zai isa ba, sai ya kira gayya. Ya kai wa Sarkin Noma goro, aka sa masa Laraba. Tabawa ta yi kwana uku tana surfe da daka, aka kusa share rumbu saboda tuwo da furar 'yan gayya. Ku riƙe wannan: a garin nan sau ɗaya ake yi wa mutum gayya a damina. Bi da bi ake yi, gobe ta wani ce, jibi ta wani.

Ranar Laraba da gari ya waye, Tunau ya je duba inda za a fara. Sai ya hango wani abu na motsi cikin ciyawar gonar Cindo. Ya ɗauka akuya ce ta tsinke. Da ya matsa, ashe Cindo ne zaune a ƙasa, yana jan gindi, yana noma a zaune. Ƙafafunsa biyu a kumbure, kurkunu ya ɓullo a kowacce, an naɗe shi a tsinke. Abin da ya nome bai fi faɗin tabarma ba, ga gona kuwa shimfiɗe, ciyawa ta rufe geron gaba ɗaya.

Tunau ya ce, "Sannu da aiki, Cindo. Ashe jikin ya yi tsanani haka?"

Cindo bai ɗago kai ba. Ya ce, "Da sauƙi. Je ka, mutanenka na tafe."

Tunau ya tsaya. Zuciya ta ce masa, "Dubi inda gambar can ta kai. Alhakinka ne ya kama shi." Kada ku ɗauka bai ji wannan magana ba. Ya ji ta sarai, har ta ɗan yi masa daɗi. Amma ya san abin da ke tafe. Cindo ba shi da abin ciyar da gayya, ko da yana da shi ba mai zuwa, tun da bai taɓa zuwa ta kowa ba. Gonar nan in ta wuce makon nan ta mutu, ga mace da yara huɗu a gidan.

Ku saurara, nan ne nake ƙara son mutumin nan. Bai yi kyauta da abincin iyalinsa a bayan idonsu ba. Gida ya koma, ya tarar da Tabawa tana tuƙin tuwo a babbar tukunya, hayaƙi ya cika mata ido. Ya ce, "Uwargida, ɗan ajiye muciyar nan. Abincin yaran nan nake so in taɓa, kuma ba zan taɓa ba sai kin yarda." Ya gaya mata abin da ya gani da abin da yake so ya yi.

Ta buɗe masa tafin hannunta. "Malam, ka ga hannun nan? Kwana uku ina daka. Cindo fa ka ce? Mai cin iyaka?"

"Shi."

"Mu kuma mu ci me da bazara?"

"Ban sani ba. Ba zan yi miki ƙarya in ce na sani ba."

Ta koma tuƙinta da ƙarfi, kai ka ce tukunyar ce ta yi mata laifi. Tunau na tsaye yana jiranta. Can ta ce, "Matar Cindo ta daina fitowa rijiya da safe don kada a tambaye ta halin da suke ciki. Na lura, na yi shiru. Je ka. Amma ka nemo mini fartanya, don tamu gonar ba za ta nome kanta ba."

Hantsi na yi 'yan gayya suka iso, ƙarti wajen arba'in, da mai gangar noma. Tunau ya nuna gonar Cindo, ya ce a nan za a fara, a nan za a gama. Sarkin Noma ya ja shi gefe.

"Tunau, lafiyarka kuwa? Ba wata rana fa da zan sake sa maka, duk an raba har ƙarshen wata. Mutumin da bai taɓa kai fartanya gonar kowa ba?"

"Sarki, wa ya kira gayyar nan?"

"Kai."

"Tuwon wa za a ci?"

"Naka."

"To, ku yi mini alfarma ku nome inda na nuna. Ba Cindo za ku yi wa ba, ni za ku yi wa."

Aka yi ta gunaguni, wasu har sun juya. Tunau bai roƙi kowa ba, duƙawa kawai ya yi ya kama kunyar farko. Mai ganga ya dube shi, ya buga, sai ga fartanyoyi sun sauka a jere. Kafin la'asar gonar Cindo ta fita tas. Shi kuwa Cindo, da aka ɗauke shi aka ajiye a gindin ɗorawa, hula ya ja ya rufe fuskarsa, furar da aka miƙa masa ma ya kasa sha.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce Tunau ya tono tukunyar zinariya a gonarsa, ko geronsa ya ninka na kowa. Ba haka aka yi ba. Shi da Tabawa sun yi mako biyu suna fama da ciyawa, rabin gonar ya riga ya tafi. Da kaka ta yi, damman da ya kai gida ba su kai rabin na bara ba. Bazarar nan sun ji jiki: kunu da safe, kwaɗon tafasa da rama da rana, tuwo sai ranar da ta samu. Tunau yakan ce ya ƙoshi, ya tura wa mahaifiyarsa da yara nasa, kuma duk gidan sun san bai ƙoshi ba. Za ku tambaye ni ko Cindo ya mayar da iyakar. Wanda ya ba ni labarin bai faɗa ba, ya dai ce Tunau bai taɓa tayar da zancen ba.

Wata safiya cikin bazarar nan, Tunau na zaune yana gyara ƙotar gatari, cikinsa ba komai, sai ƙarar daka ta taso daga gidan Cindo, yara na ta dariya a bakin turmi. Ya ajiye aikin, ya kasa kunne, fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Uwargida, kina ji?"

Tabawa ta ce, "Ina ji mana. Tuwon gayyata ne ake dakawa." Ta harare shi, amma ita ma murmushin take yi.

Allah ya jiƙan Tunau, ya jiƙan Tabawa. Ga darasin, jama'a, ba zan ɓoye shi ba: alheri ba ciniki ba ne. Wanda ya yi don a rama masa, ko ya zaɓi sai mai kirki zai yi wa, ya riga ya karɓi ladansa a hannun mutane. Na gaske shi ne wanda ya rage maka tuwo a akushi, ka yi wa wanda ba ka jin daɗinsa, da yardar iyalinka, don Allah kaɗai. Kowannenku, tun da na fara maganar nan, akwai fuskar da ke zuwa masa a rai, wani maƙwabci ko ɗan'uwa da kuka daina gaisawa, kuma kun san yana cikin wani hali. Kada ku ce sai ya fara ba ku haƙuri. In an shafa addu'a, kafin ku shiga gidajenku, ku biya ta ƙofarsa ku yi sallama.