Ƙurajen Afiniki da Tafiyar Kaduna

Akwai wata budurwa da ta yi zama a Kafanchan a shekarar 1977, sunanta Afiniki. 'Yar Samaru Kataf ce, koyarwa a firamare ta kawo ta garin. Allah ya ba ta murya. In ta ja waƙa a coci ranar Lahadi, har masu wucewa a titi sai sun dakata.

Damuwarta ɗaya ce, ƙurajen fuska. Sun cika mata goshi da kumatu, wani na mutuwa wani na fitowa. Ga shi ba ta iya haƙuri sai ta matse, kowanne kuwa sai ya bar mata baƙin tabo.

Wata Laraba a watan Oktoba, shugaban mawaƙa Malam Silvanus ya shigo wurin koyon waƙa da sauri, yana kaɗa takarda a sama. Gidan talabijin na Kaduna ne ya gayyace su waƙar Kirsimeti. Nan take coci ya kaure da guɗa. Mata suka rungume juna, mai ganga ya hau kiɗa ba wanda ya sa shi. Yawancinsu ko akwatin talabijin ba su taɓa gani ba, balle su fito a cikinsa.

Malam ya ce, "Afiniki ce za ta ja mana waƙa."

A cikin mawaƙan akwai Mildred, ɗiyar wani babban ma'aikacin gwamnati, fuskarta sumul, tana kuma ji da ita. Suna fita ta ce wa ƙawayenta, "Malam ya manta talabijin ba rediyo ba ne. Da wannan fuska za a nuna mu?"

Afiniki na bayansu, ta ji komai.

Washegari ta nufi wurin wani mai tallar magani a bayan kasuwa. Ya ba ta wani mai a kwalba marar suna, ya rantse kwana uku zai share mata fuska tas. Tana hanyar gida ta yi kiciɓis da Sista Paulina, dattijuwar nas da suke coci ɗaya. Don murna ta nuna mata kwalbar.

Sista ta buɗe, ta sansana, ta rufe. Sai ta ture ɗankwalinta baya, ta nuna mata wani tabo mai sheƙi daga kunne zuwa muƙamuƙi.

"Ina shekara sha tara na shafa irinsa. Yarinyata, biyo ni asibiti."

A can ta ba ta ƙwayoyi da wani man shafawa mai warin farar wuta. Ta ce ta wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar ƙarfi, ban da dirzawa da soso, ban da man shafa mai nauyi, ta riƙa wanke rigar filo. Hannunta kuma kada ya kusanci fuskar.

"Mama, mako goma fa kawai ya rage."

"Shi ya sa yau za mu fara."

Mako uku suka wuce ba ta ga wani canji ba. Ta yi kuka a gaban madubi, har ta yi tunanin komawa bayan kasuwa. In ƙurji ya nuna yana mata ƙaiƙayi, sai ta zauna a kan hannuwanta har abin ya wuce. A mako na bakwai ta tashi da safe, ta shafa goshi, babu sabo ko ɗaya. Da gudu ta isa asibiti, takalmi a hannu.

"Mama, duba! Duba nan!"

Sista ta yi dariya ta ce, "Na gani. Kada ki daina."

Saura kwana biyar tafiya, ƙuraje biyu rak suka fito wa Mildred a haɓa. Hankalinta ya tashi. Ta je wurin mai tallar nan, ta sayo irin man nan na kwalba, ta lafta shi a fuska gaba ɗaya. Kafin kwana biyu fatar ta ƙone ta ɗuri ruwa. Ba a gan ta a koyon waƙa na ƙarshe ba.

Da Afiniki ta ji labari, gidansu ta wuce. Ta tarar da ita a ɗaki ta lulluɓe kai da zane.

Mildred ta ce, "Kin zo ki yi dariya ne?"

"Na zo mu je wurin Mama Paulina. Tashi, rana ba ta yi zafi ba tukuna."

Daga asibiti Afiniki ta je ta roƙi Malam Silvanus kada a bar Mildred a gida, ko layin baya ne a sa ta. Ya yarda.

Ranar tafiya tashar jirgi ta cika da 'yan rakiya. Tun daga Kafanchan suke waƙa a tarago har Kaduna, fasinjoji na amsawa. A gidan talabijin aka kunna manyan fitilu, mai ɗaukar hoto ya turo na'urarsa dab da fuskar Afiniki. Ta hango kanta a wani ƙaramin akwati a gefe. Ƙurajen sun kwanta, tabon dai bai gama dushewa ba. Ta ja numfashi, ta saki murya.

Waƙa uku aka ba su. Suna gamawa mai shirin ya fito daga ɗakinsa yana tafi, ya ce su ƙara biyu.

Ita Mildred sai bayan bikin Ista fuskarta ta warke, da ɗan tabo a haɓa da ya zauna. Duk ranar komawa asibiti Afiniki ce ke raka ta. Da Afiniki ta tashi aure bayan shekara biyu, Mildred ce babbar ƙawar amarya.

Darasi: Ƙurajen fuska suna da magani, amma maganin yana son lokaci. Kada ku matse, kada ku shafa abin da ba ku san asalinsa ba, ku nemi ma'aikacin lafiya. Kada kuma ku yi wa kowa dariya a kan fuskarsa, wanda kuka raina yau yana iya zama mai riƙe hannunku gobe. Ku tura wa duk wanda kuka san yana ɓoye fuskarsa saboda ƙuraje.