Goyon Hajjo

Ku gyara zama. An daɗe ana gardama a kan wannan magana, yau kuma ku zan bar wa ita.

A zamanin da ake zuwa Makka a ƙasa, wani ayari ya isa bakin Bahar Maliya bayan shekaru a hanya. A cikinsa akwai mata huɗu da tafiya ta mayar 'yan'uwa. Tabawa dattijuwa ce daga Katagum, mai dama fura, ba ta taɓa haihuwa ba. Ladingo 'yar Sarkawa ce, masuntan Yawuri, ta iya ninƙaya tun kafin ta iya daka. Yalwa Bazazzagiya ce, ta binne jaririnta kwanaki kaɗan kafin su hango teku. Ta huɗun ita ce Hajjo, 'yar garin su Tabawa. Mijinta ya rasu a Kordofan ta ƙasar Sudan ya bar ta da ciki, ta haifi namiji aka sa masa Mamuda, shi ne a goye a bayanta.

Jirgin da suka samu na katako ne, ba shi da inji. Babban ƙyalle ake ɗaura masa a jikin dogon itace, iska ta riƙa tura shi. Mai jirgin ya loda buhunan dawa, ya loda mutane a kan buhunan, har babu inda za a miƙe ƙafa. Da ya ga Tabawa ɗauke da wani ƙaton masaki, sai ya sa tafinta ya gaya mata ta bar shi a gaɓa, don wurin mutum guda yake ci.

Tabawa ta ce, "Gaya masa da masakin nan na ciyar da kaina tun daga Katagum. Shi da bai san inda Katagum take ba ne zai raba ni da shi? In wuri yake ci, a cinyata zai zauna."

Mai jirgin ya yi faɗansa da Larabci, ita ta yi nata da Hausa, masaki dai ya shiga jirgi.

Tafiya ta yi kyau har wata safiya, teku a kwance, iska daidai. Sai wani ya hango duwatsu can nesa, ya yi kabbara, ya ce ga ƙasar Hijaz, inda Makka take. Mutanen da suka yi shekaru suna taka ƙasa don su ga wannan wuri, wa zai hana su tashi? Gaba ɗaya suka miƙe suka yi gefe guda. Ma'aikatan jirgin suna ta ihu da harshensu, ba wanda ya ji, da an ji ma ba za a zauna ba. Jirgi ya karkata, buhuna suka gangaro suka bi mutane, ƙyalle ya taɓa ruwa ya yi nauyi. Kafin mutum ya gama kalmar shahada, jirgi ya kife.

Waɗanda suka tsira ba su taɓa yarda da dalili ɗaya ba. Ma'aikatan jirgin suka ce tashin fasinja ne. Fasinja suka ce lodi ne ya yi yawa, kuma tun daga gaɓa suke jin ruwa yana tsattsafowa tsakanin katakai da tsutsa ta cinye. Wani ya rantse guguwa ce ta bugi ƙyallen ba a sauke shi ba. Wani ya ce ya ji ƙarar gindin jirgi a kan dutsen da ke ɓoye a ruwa. Kowa ya zaɓi dalilin da babu hannunsa a ciki. Mu dai ba wannan ce gardamarmu ba.

Ladingo ce ta fara tasowa. Ta waiga ba ta ga Hajjo ba, ta ga ƙyallen jirgin ya shimfiɗu a kan ruwa, wani abu yana motsi a ƙarƙashinsa. Wani ma'aikacin jirgi ya riƙe hannunta, yana nuna mata da hannu cewa jirgin zai ja ta ƙasa. Ta fizge ta nutsa. Ta tarar igiya ta naɗe ƙafar Hajjo, ga goyo a bayanta, majanyi ya jiƙe, ƙullinsa ya ƙi kwancewa. Da haƙori Ladingo ta kwance shi. Ta kai hannu ga igiyar, sai Hajjo ta ture hannun, ta tura mata yaron a ƙirji. Ladingo ta taso da Mamuda, ta bubbuga bayansa har ya amayar da ruwa ya yi kuka. Ko da ta waiga, ƙyallen ya bi jirgi ƙasa.

Tabawa ba ta iya ruwa ba. Masakinta ne ya riƙe ta, ta rungume shi a kife. Ladingo kuwa ba za ta iya ɗaga yaro sama da hannu ɗaya ta yi ninƙaya da ɗayan har tudun yashin da ake hangowa ba. Tuni ruwa ya fara rufe fuskarsa. Tabawa ta juya masakin, ta ce a sa yaron a ciki. Wani ƙato da ke neman abin kamawa ya cafki bakin masakin, ta gartsa masa cizo har ya saki. Sai ta lura nauyinta ma yana karkata shi.

"Inna, kada ki saki, za ki nutse!" in ji Ladingo.

"Ni na ga duwatsun Hijaz. Shi me ya gani? Tura shi, yarinya!"

Ta saki. Ladingo ta tura masakin har tudu. Tabawa kuwa, wani guntun katako ta ci karo da shi, igiyar ruwa ta jefo ta gaɓar tudun rabin rai.

Tudun nan ba itace, ba inuwa, ba ruwan sha. Salkar ruwa guda ce ta taso daga jirgin, madugun ayari, Barau, ya riƙe ta yana raba wa mutane kurɓi-kurɓi. Yalwa ta ɗauki Mamuda ta sa shi a nono, alhali nonon ya fara ƙafewa tun mutuwar nata ɗan. Barau ya dube ta ya ce yaron ba zai kai ba, kuma kowane tsotso daga ranta yake ɗiba, gara ta bar wa Allah ikonsa.

Yalwa ta ce, "Baba Madugu, ka raba ruwanka. Wannan ba daga salkarka yake fitowa ba."

Ta juya masa baya, ta yi wa yaron inuwa da jikinta. Ya yi ta tsotsa babu komai, tana cije leɓe, har ruwan nonon ya dawo. Ranar da masunta suka gano su, a sume aka ɗauke ta, leɓunanta sun tsattsage. Mamuda kuwa kukansa ne ya fi na kowa ƙarfi.

A Jidda aka kai su gaban shugaban Takari, wato mutanenmu mazauna can. Ya saurari labari, ya ce abin mai sauƙi ne: akwai gidan wani attajiri da ba su da ɗa, za su riƙe yaron cikin daula. Matan nan uku suka miƙe tsaye tare.

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, teku ma ta nema ba mu ba ta ba."

Shugaba ya ce to su riƙe shi su uku. Nan ne maganar ta ƙi, domin bayan aikin hajji hanyarsu ba ɗaya ba ce. Tabawa za ta koma Katagum. Ladingo za ta zauna a gaɓar Sudan, inda ta ga ruwa da kifi. Yalwa ta yi alkawari in ta shiga Makka ba za ta bar ta ba.

Ladingo ta ce uwarsa da hannunta ta miƙa mata shi, a wurin da ba mai iya musun abin da aka yi. Tabawa ta ce ranta ta saki don nasa, kuma ita kaɗai ta san ƙofar gidan kakanninsa. Yalwa ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce a ɗauke shi daga ƙirjinta, in akwai mai iyawa.

Shugaba ya ba su lokaci su sasanta. Suka dawo kamar yadda suka tafi, ba wadda ta sassauta, ba kuma wadda ta rage wa 'yar'uwarta ko ƙwayar abin da ta yi. Ba don Ladingo ba, da yana ƙasan teku a bayan uwarsa. Ba don Tabawa ba, da bai kai tudu ba. Ba don Yalwa ba, da a tudun aka binne shi.

Ayari yana shirin tashi, yaro ɗaya ne, baya ɗaya zai hau. To, ku faɗa mini: a cikin su ukun, wace ce za ta goya ɗan Hajjo?