Layi Biyu da Aka Yanko Daga Waƙar Shamima

An yi wani mutum a Salaga. Ba zan kama sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma a cikinku akwai waɗanda suka taɓa cin abinci a gidansa.

Ya 'yan'uwa, mutumin nan ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba ne. A sahun farko yake salla. Kakanninsa fataken goro ne, shi kuma da ya taso sai ya zama dillalin doya a kasuwa. Manomi ya kawo, shi ya nemo mai saye daga Yendi ko Bawku, a ƙulla ciniki a kan maganarsa.

Amma zuciyarsa ba a doya take ba. Waƙa yake so. Tun yana saurayi ya koyi awon baiti da ƙafiya a wurin kakansa, yana rubutawa da ajami a littattafai yana tarawa cikin akwati. Shekara talatin yana wannan. Ban da Maulidi, da ake ba shi dama ya rera baituka kaɗan kafin a raba abinci, babu mai sauraronsa. 'Ya'yansa ba sa karanta ajami. Matarsa idan ya fara karanta mata sai ta tuna tukunya na kan wuta. Ya gaji, ya daina nuna wa kowa.

Yana da aboki, Sidiku, direban motar doya, wanda ke bin hanyar Bimbilla da Yendi har Bawku. Wata rana Sidiku ya ce masa akwai wani malamin makaranta a Bawku, Jalil, da ya buɗe zaure a waya don masu sha'awar waƙa. Ba gwanaye ba ne. Akwai tela, akwai mai sayar da magani, akwai ma'aikaciyar asibiti, Musulmi da Kirista, duka ba su wuce mutum ashirin da biyar ba. Hausa ce ta haɗa su, ko da yake yawancinsu ba a gida suka sha ta ba, a kasuwa suka tsince ta. Dokar Jalil ɗaya ce: idan ɗan'uwanka ya sa waƙa, ka fara faɗin abin da ya yi daɗi, sannan ka yi gyara.

Aka sa mutumin nan a zauren. Ranar da ya tura waƙarsa ta farko, mutum goma sha ɗaya suka amsa. Ya zauna a kan tulin doya yana karanta amsoshin, yana maimaitawa, har mai saye ya yi masa sallama sau uku bai ji ba. Suka sa masa suna Baba. Duk wanda baitinsa ya karye, sai a ce a bari Baba ya duba. Kuma ya taimaka musu, wannan gaskiya ne, ba zan ɓoye alherinsa ba.

Da ƙarshen shekara ya zo, ɗari ya sauka. Kun san lokacin: ruwan randa ya zama abin tsoro da asuba, leɓe ya tsage, man kaɗanya ya yi tsada. Jalil ya ce wannan watan kowa ya yi waƙar sanyi, wanda kuma ya ga dama ya yi ta Kirsimeti, wadda mutanenmu na nan ke ce wa Buronya, tunda akwai Kiristoci a cikinsu.

Mutumin nan ya yi kwana tara yana saƙa tasa. Baiti sittin, ƙafiya ɗaya daga farko har ƙarshe, babu inda ta yi ɗingishi. Ya tura. Mutum biyu suka ce masha Allah. Shi ke nan.

Washegari wata mata ta tura tata. Sunanta Shamima, malamar Islamiyya ce a Yendi, tana koyar da ƙananan yara mata. Ba ta taɓa tura komai ba sai ranar. Waƙar ba ta kai baiti goma sha biyu ba, kuma a kan maƙwabciyarta ce, wata tsohuwa Kirista mai suna Mma Lariba. Bara, da Shamima ta haihu cikin sanyi kuma uwarta na nesa, tsohuwar nan ce ta riƙa dafa mata ruwa tana dama mata koko kowace safiya. Bana kuma tsohuwar ce ba ta da ƙarfi, ɗanta yana kudu bai zo ba, sai Shamima ta zama mai kai mata koko. Ga yadda ta fara:

Sanyi ya shiga ɗaki, bai yi sallama ba,
Mma Lariba ya kawo koko, ya yi sallama.

Kun ji Hausar. Mace ce, amma ta ce "ya kawo". Hausar zango ce, wadda muke ji kullum. Amma zauren ya ɗauka. Tela ya ce ya tuna kakarsa. Ma'aikaciyar asibiti ta ce ta yi kuka a wurin aiki. Amsa ta kai arba'in.

Mutumin nan ya karanta su duka, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya rubuta gyara. Bai fara da abin da ya yi daɗi ba. Ya lissafa kurakurai goma sha huɗu, ya ce wannan ba waƙa ba ce, hira ce aka kakkarya.

Shamima ta amsa: "Na gode, Baba. Ni ban yi karatun waƙa ba. Ka koya mani."

Da ta tsaya nan, watakila da wutar ta mutu. Amma Jalil ya sa baki, da ladabi kuma ya sa. Ya ce, "Baba, taka ta cika awo, babu mai ja. Sai dai na karanta baiti sittin ban ji sanyi ba. Ta Shamima ta sa na nemi mayafi."

Ya 'yan'uwa, wannan ai ra'ayi ne, irin wanda shi ma ya yi ta faɗa wa wasu. Amma mutumin da ya yi shekara talatin yana jiran a yaba masa, da ya ɗanɗana yabo wata shida, ya ga ana miƙa wa wata, me kuke tsammani Shaiɗan zai raɗa masa?

Kwana biyu suka wuce. Yana kasuwa, yana ciniki, amma maganar tana cinsa. Ya koma ya sake karanta waƙar, ba don ya ji ta ba, don ya nemi inda zai kama. Sai ya samu, can kusa da ƙarshe:

Ranan Buronya na zo ɗakinki na zauna,
Abin da kin yi murna, ni ma na yi murna.

Baitin da ke biye ya bayyana komai. Ta ce kowa da addininsa, amma katanga ɗaya ta haɗa su, kuma ba za ta bar tsohuwa ta ci abinci ita kaɗai ba. Ya ga wannan baitin. Ya karanta shi. Ya yanke shi ya bar layi biyun nan na Buronya.

Bayan sallar la'asar, ya koma bayan rumfa, ya naɗi muryarsa. Bai yi ashar ba, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Jama'ar Yendi, nasiha ce. Ga abin da malamar 'ya'yanku ta rubuta da hannunta. Ni ban ce komai ba, ku duba da kanku." Ya haɗa da layi biyun, ya tura wa wani ɗan kasuwa a Yendi da ya san 'yarsa na makarantar. Ya mai da waya aljihu, ya ce wa ransa kishin addini ne.

Kishin addini? Waƙar ta kwana uku a wayarsa kafin Jalil ya yi magana, bai ga laifinta ga addini ba sai kuskuren nahawu.

Magana idan ta fita ba ta tafiya yadda ka sake ta. Kafin Juma'a an ce Shamima tana zuwa coci. Kafin wata Juma'ar an ce tana koya wa yara waƙoƙin coci a aji. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Mai makarantar, wanda ya san ta shekara bakwai, ya kira ta ya ce ta huta tukuna. Dangin mijinta suka taru, suka yanke cewa kada ƙafarta ta sake taka gidan tsohuwar nan, kuma ta tafi Bimbilla wurin uwarta har maganar ta lafa. Ta roƙi a bar ta ta yi wa Mma Lariba ban kwana. Aka ce a'a.

Sauran maƙwabta kuma, da suka ga abin da ya sami Shamima, kowa ya ja jikinsa. Wa zai so a haɗa sunansa da wannan magana? Tsohuwar tana ɗaki, ƙirjinta ya kama da tari, sanyi bai ɗaga ba. Babu mai hura mata wuta. Kwana goma sha shida bayan tafiyar Shamima, wata mai tallan kifi ta yi sallama ba a amsa ba, ta tura ƙofa.

Mutumin nan yana Salaga bai san wannan ba. Abin da ya sani shi ne Shamima ta fita daga zauren, kuma da ya tura sabuwar waƙa babu wanda ya tanka.

Sidiku ne ya ji muryar. Ya tsaya a tashar Yendi yana shan shayi, wani ya kunna saƙon a gefensa. Shekara ashirin yana jin wannan murya tana taya doya, ba za ta ɓace masa ba. Bai gama shayin ba. Shi ma yana zauren, don haka ya ɗauki waƙar cikakkiya daga wayarsa ya kai wa limamin unguwar su Shamima. Liman ya karanta daga farko har ƙarshe, sannan ya karanta wa jama'a bayan salla. Ya ce malamai suna da maganganu a kan gaisuwar bukukuwa, wannan a zauna a tattauna. Amma matar nan haƙƙin maƙwabtaka ta sauke, kuma an yanke maganarta an yi mata ƙazafi. Ya tambaye su wa ya leƙa tsohuwar a kwanakin nan goma sha shida. Ba a samu ko mutum ɗaya ba.

Da Sidiku ya dawo Salaga, ya same shi a rumfa. Ya ce, "Malam, ni na kai ka zauren nan. Tsohuwar ta rasu. Ka nemi wani direban." Ya juya.

Jalil ya rufe zauren gaba ɗaya. Ya ce ya buɗe shi ne don a samu wuri ɗaya da ba a tambayar mutum ƙabilarsa ko addininsa, kuma ya gaji.

Daga nan abin ya riƙa zuwa a hankali, babu hayaniya. Masu saye daga Yendi suka koma wurin wani dillali. Na Bawku suka bi su. Babu wanda ya zage shi. Cewa kawai suke yi, mutumin da zai yanke magana biyu ya nuna maka rabi, yaya za ka yarda da shi a kan kaya? Manoma suka riƙa wuce rumfarsa. Maulidi ya zo, aka kira wani ya rera. Ɗansa babba ya bar bin sa kasuwa. Mutumin nan bai bar sahun farko ba, amma na kusa da shi da an yi sallama sai ya tashi.

Ya san abin da ya kamata ya yi. Kullum sai ya ce gobe. Sai da damina ta zo ta wuce, sannan ya hau mota zuwa Bimbilla.

Ya sami Shamima a ƙofar gidan uwarta tana soya ƙosai, da yarinyarta goye. An nemi ta koma koyarwa a makarantar, ta ƙi. Ya durƙusa, dattijo da furfura, a gaban wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ya yi ta magana. Ta bar shi ya gama, ba ta daina juya ƙosan ba.

Sannan ta ce, "Baba, tashi. Nawa na yafe, don na gaji da ɗaukan shi. Amma na Mma Lariba ba a hannuna yake ba. Ita za ka tambaya."

Ya tsaya yana jira ko za ta ƙara wani abu. Wani ya zo sayen ƙosai, ta juya wurinsa.

Ya dawo Salaga. Yana nan da ransa. Ya rame, ba ya zuwa kasuwa, yana wuni a soro. Wanda ya je gaishe shi ya ce tambaya ɗaya yake yi wa duk malamin da ya shigo: yaya ake neman gafarar wanda ya mutu? Ana gaya masa ƙofar tuba a buɗe take, ya yi istigfari, ya yi sadaka, ya faɗi gaskiya a duk inda ya yaɗa ƙarya. Yana yi. Amma barci bai dawo masa ba.

Ya 'yan'uwa, ni ma na gaji da irin wannan labari. Shekara nawa muna faɗa? Hassada ba ta zuwa da sunanta. Takan zo ta ce maka ita nasiha ce, ko gyara ce, ko kishin addini ce. Mutumin nan bai ƙirƙiro kalma ko ɗaya ba. Abin da ta rubuta ya tura. Amma rabin gaskiya da aka yanko da mugun nufi ƙarya ce, kuma za a tambaye shi.

Kada kuma mu ɗora masa shi kaɗai. Mutum ɗaya ya tura wa. Wa ya kai ta sauran wayoyin? Cikin ɗaruruwan da suka saurara, babu wanda ya ce a nuna masa sauran waƙar. Yanzu haka akwai saƙo a aljihun wani a nan da yake shirin turawa bayan an tashi. Kafin ka danna, tambayi kanka: na ga farkonsa da ƙarshensa? Idan an yabi ɗan'uwanka ka ji ƙirjinka ya yi zafi, kada ka taɓa waya. Yi alwala, ka yi masa addu'a, ko da bakinka ya yi nauyi. Kuma yau ɗin nan, kafin magariba, ka leƙa tsohon da ke bayan katangarka, ko wane addini yake bi.

Allah ya tsarkake zukatanmu daga hassada, ya kama mana harsunanmu da yatsunmu. Allah ya ba wanda aka zalunta haƙuri, ya karɓi tuban mai tuba. Allah ya kiyaye mu daga ɗaukar haƙƙin da mai shi ya riga mu tafiya. Amin.